Barewar da ta Riƙe Mu a Gangare

Ruwan Agustan bana ya yi kamar ba zai ɗauke ba. Tun farkon mako nake shanya kayan makarantar 'yata Nana ina kwashe su da danshinsu, har jiya da safe ta tsaya a ƙofar ɗaki tana rawar ɗari, ta ce ita fa babu inda za ta a haka. Na jawo akwatin ƙarƙashin gado, na tono wata koriyar suwaita da ta girme ta nesa ba kusa ba, na zura mata. Ta sunkuyar da kai ta dubi dabbar da aka saƙa a ƙirjin rigar, ta ce, "Mama, wannan akuyar wa ce?"

Na ce, "Ke, ki iya bakinki. Barewa ce. Ba don ita ba, da ba a Jos aka haife ki ba."

Ta yi mini wani kallo kamar na zautu, ta suri jakarta ta fice. Ni kuwa na zauna a bakin gado ina sauraron ruwa a kan kwano, daminar waccan shekarar ta dawo mini dukanta.

Shekarar da Baba ya rasu ke nan. Direban babbar mota ne, yana ɗauko dankalin Turawa daga ƙauyukan tudu ya kai kudu. Ciwo ya kwantar da shi daidai lokacin da ruwan farko ya sauka, bai daɗe yana jinya ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar Inna da mu uku, duka mata, a ɗan gidanmu na Gangare. Ni ce babba, ina karatun kwamfuta a jami'a, sai dai a lokacin malamai suna yajin aiki, ina zaune a gida ba aiki ba karatu. Da yake ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke 'yar nan" take ce mini, har yau. Shi ma Baba ba ta kama nasa, "Direba" take kiransa tun aurensu.

Ranar sadakar arba'in Baffa Sale, yayan Baba, ya zauna da mu. Kakanmu ne ya hau tudu zamanin haƙar kuza ya kafa gida a Gangare, amma shi Baffa tun yana saurayi ya koma ƙauyen asalinmu a ƙasar Bauchi ya kama noma. Mutumin kirki ne, ba ya ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Hajara, birni ba ya zaunuwa ba namiji a gida. Idan kin fita takaba, bayan Sallah kaɗan ke nan, zan zo da mota in kwashe ku. Hatsi akwai, ɗaki akwai. Gidan nan sai a sa 'yan haya."

Na ce, "Baffa, karatuna fa? Da na ƙannena su Hauwa?"

Ya ce, "Bilki, wanda ya ci shi ke karatu."

Inna tana lulluɓe, kanta a ƙasa. Can sai ta ce, "Yaya, idan ka zo ka tarar muna iya ciyar da kanmu fa?"

Ya ɗan yi murmushi irin na tausayi, ya ce, "In na tarar da haka, ai ni ma an rage mini kaya." Ya faɗa ne don ya tabbata ba zai tarar ba. Inna kuwa ta riƙe maganar gam.

Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo. Wanda bai yi azumin Agusta a Jos ba zai ce ai da sauƙi, tunda babu ƙishirwa. Gaskiya ne babu ƙishirwa, amma yunwar sanyi daban take. Tun hantsi za ka ji cikinka yana ƙugi, hannuwanka sun ƙandare, ga yayyafi mai laushi da ba ya jiƙa ka lokaci ɗaya, sai dai ka ankara ka ji zaninka ya yi nauyi. Gajimare yakan sauko har kan rufin gidaje, ba ka hango ko hasumiyar masallacin unguwa. Bangon ɗakinmu ya yi gumi, tabarma ta fara wari, ashana ta ƙi kamawa sai Inna ta sa ta a hammatarta ta ɗumama. Itace jiƙaƙƙe ne, hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa. Ruwan alwalar Asuba kuwa, ina zubawa a ƙafa nake jin sa har haƙorina.

Abincinmu dankali ne. Abokan Baba direbobi, Allah ya saka musu, sukan ajiye mana ragowar buhu a zaure, wanda ya fashe ko ya fara ruɓa saboda yawan ruwa. Mu zauna mu yanke ɓataccen gefen mu dafa mai kyan. Da sahur dankali da gishiri, da buɗa baki faten dankali da ganyen kabeji, ranar da aka samu acca kuma a yi gwate mu sha da zafinsa. Hauwa, mai bi mini, ta rantse idan ta girma ba za ta ƙara kallon dankali ba. Yanzu ita ce mai sayar da soyayyensa a bakin titi, kuma ba na barin ta ta manta da rantsuwar.

Abin da Inna take da shi na sana'a keken saƙa ne, irin mai dogon gado da layin allurai, wanda ake ja da hannu hagu da dama. Da shi take saƙa kayan jarirai da hulunan sanyi. Da Baba yana nan, kuɗin sabulu da na biki kawai take nema da shi. Yanzu ga shi an ce shi zai riƙe gida, ita kuma tana takaba, ko zaure ba ta leƙawa, balle ta je neman masu saye.

Ana cikin haka Madam Kaneng ta zo gaisuwa. Mace ce mai jiki da babbar murya, Hausarta ba ta gama nuna ba, tana da 'yar makarantar firamare a Anguwan Rukuba, kuma Inna ce ta saƙa kayan duk jariran da ta haifa. Ta shigo da lema tana ɗiga, ta rungume Inna suka yi kuka tare. Bayan sun natsu ta ga keken a gefe, ta ce, "Maman Bilki, yara na suna mutuwa da sanyi a aji. Ina so na yi musu suwaita sabon zango, amma ba na son wannan bajo da ake manna, wanki biyu ya fita. Ina so a saƙa barewa na makaranta a cikin riga ɗin. Wani mutum a Legas ya ce zai yi da inji, amma ni na fi so na ba ki. Za ki iya?"

Inna ba ta taɓa saƙa hoton komai ba, iyakarta ratsi da ɗan zanen lu'u-lu'u. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai na riga ta. Na ce, "Za mu iya, Madam."

Ta ce, "To ku yi guda ɗaya na gani. In ya yi kyau, zan kawo ulu na dukan makaranta." Ta ciro takardar makarantar mai tambari a sama ta miƙa mini.

Tana fita Inna ta juyo. "Ke 'yar nan, da wane hannun za mu iya?"

Ni kuwa na san abin da na taka. Ina da wata tsohuwar kwamfutar cinya da Baba ya sayo mini ta hannu a wata tafiyarsa. Ta tsufa har ba ta iya nuna hoto, batirinta ya mutu, wuta na ɗaukewa take ɗaukewa. Abokan karatuna suka sa mini tsarin da zai iya tafiya a kanta, wato baƙin allo kawai, ka rubuta umarni ta ba ka amsa da rubutu. A makaranta dariya ake yi mini da ita. Amma a kan baƙin allon nan na koyi wani wasa. Akwai 'yar manhaja mai suna jp2a, wadda za ka ba ta hoto ta mayar maka da shi haruffa. Inda hoton ya yi duhu ta zuba haruffa masu kauri irin su M da W, inda ya yi haske ta sa ɗigo ko waƙafi. Idan ka matso kusa, tarkacen rubutu kawai za ka gani. Idan ka ja da baya sai fuska ta fito. Mun sha mayar da hotunan junanmu haka muna sheƙa dariya, ban taɓa zaton abin zai yi wani amfani ba.

Na ce, "Inna, kekenki ba layi-layi yake tafiya ba? Wannan ma layi-layi take fitarwa. Harafi ɗaya allura ɗaya, layi ɗaya ja ɗaya. Inda na ce M ki sa zaren barewa, inda na ce ɗigo ki sa kore."

Ta juya maganar, sannan ta ce, "In dai za ki karanta, ni zan ja."

Washegari na ratsa ruwa na je wani shagon kwamfuta aka ɗauki hoton tambarin aka sa mini a filashi. Na dawo na zauna jiran wuta, wadda a daminar nan sai ta ga dama take leƙowa. Da ta zo na rubuta umarnin: sunan manhajar, faɗin da nake so daidai da yawan alluran ƙirjin riga, sannan na ce mata haruffa biyu kacal za ta yi amfani da su, M da ɗigo. Na danna. Barewa ta sauko a kan baƙin allo tsaf, da ƙahonta da siraran ƙafafunta, tana tsaye kamar ta ji motsi. Su Hauwa suka yi ihu. Inna ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ikon Allah." Na koma shagon aka buga mini a takarda, don kada wuta ta yanke mana aiki a tsakiya.

Haka muka tsara yininmu. Bayan sallar Asuba mu ɗan koma bargo har gari ya yi haske, don ba ma ƙona kananzir a banza. Sai a jawo keken bakin ƙofa inda haske yake, a ajiye kaskon gawayi kusa da ƙafar Inna. Ni in zauna a kan turmi da takarda da tsinken tsintsiya ina bin layi. "Ɗigo tara, M uku, ɗigo biyu, M ɗaya." Inna ta tura allurai da yatsa, ta ɗora zare, ta ja keken, ƙarrr. Ragowar ulu ruwan ƙwai muka samu a jakarta, da shi muka yi barewar. Saƙar tana sauka ta ƙarƙashin keken da bayanta a wajenmu, ga zaruruwa suna reto, don haka ba mu ga abin da muke yi sosai ba sai da muka cire.

Muka cire muka shimfiɗa a kan gado. Dabbar da ke kwance a wurin doguwa ce ta gefe, gajeriya ta sama, ƙafafunta guntaye, cikinta yana jan ƙasa. Hauwa ce ta fara fashewa da dariya, ta ce, "Yaya Bilki, ƙadangare ne mai ƙaho!"

Ban so kai wa Madam Kaneng ba, amma Inna ta ce alkawari ne, a kai mata ta gani da idonta. Na tafi Anguwan Rukuba a ƙafa, ruwan kwata yana gudu a kan hanya, silifas ɗina yana watsa mini taɓo a baya. Madam ta buɗe ledar a ofishinta, ta yi dariya har da riƙe ciki da share hawaye. "Kai, yarinya na! Mota ya taka barewa ɗin ne?" Da ta ga fuskata sai ta tsagaita. Ta ce, "Saƙa ɗin ya yi kyau, hannun mamanki babu wasa. Amma wannan ba zan sa wa yara ba, iyaye za su kashe ni. Kuma kala ɗin ba haka ba ne, duba takarda, ruwan ƙasa ne. Zan jira ku har sati mai zuwa. In bai yi ba, kar ku ji haushi na, zan kira mutumin Legas."

A hanyar dawowa raina ya ɓaci ƙwarai, ga yunwa ga sanyi. Amma ko kaɗan ban yi shakkar hanyar da na ɗauko ba. Na san lissafi ba ya ƙarya, akwai dai abin da ban gaya wa na'urar ba. Ina isa gida na shimfiɗa takardar kusa da saƙar na tsura musu ido. Haruffan daidai suke da alluran, babu wanda muka tsallake. Sai na kai idona kan harafi guda ɗaya, na kuma kai kan idon saƙa guda ɗaya. Nan na gano. Harafin kwamfuta dogo ne siriri, tsayinsa ya kusa ninka faɗinsa. Manhajar ta san da haka, shi ya sa take rage yawan layuka don hoton ya fito daidai a allo. Idon saƙar Inna kuwa gajere ne mai faɗi. Mun ɗauki abin da aka auna wa dogo muka ɗora wa gajere, dole barewa ta durƙushe.

Na yanko kwali mai kusurwa huɗu, tsayinsa da faɗinsa ɗaya, na ɗora a kan saƙar. Na ce Inna ta ƙirga mini allurai nawa ya rufe ta gefe, ja nawa ya rufe ta sama. Ta ƙirga da bakin allura. Da wannan na yi lissafina, na jira wuta, na sake rubuta umarnin. Wannan karon ban bar manhajar ta zaɓi tsayi da kanta ba, ni na faɗa mata faɗi, na faɗa mata yawan layuka.

Abin da ya fito ya fi na farko muni. Barewar ta miƙe har ta wuce allon, sai na gangara ƙasa kafin in ga kofatonta. Wuya zalalo, ƙafafu kamar sandunan rake. Hauwa ta ce, "To, an tashi daga ƙadangare an koma raƙumin dawa."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, waccan da ta yi kyau a takarda ta fito a murguɗe. Wannan da tun a takarda take a murguɗe fa?"

Na ce, "Ita ce daidai, Inna. A allo ne take da tsayi. Idan ta shiga saƙarki za ta zauna."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Na san dalilin tambayar. Koren ulu muna da saura, amma ruwan ƙasa babu ko ƙulli ɗaya a gidan, kuma babu abin da za a fita da shi a sayo. Sai Inna ta tashi ta buɗe akwatinta ta ciro suwaitar Baba. Ruwan ƙasa ce mai kauri, ita ta saƙa masa da hannunta tun ina goye. Da ita yake fita kowace tafiya, gwiwar hannun har ta yi sheƙi saboda jingina da ƙofar mota. Tun rasuwarsa ba a wanke ta ba, ƙamshin man gas da na turarensa suna nan.

Na ce, "Inna, a'a. Bari in je in roƙi Madam ta ba mu ɗan zare."

Ta ce, "Mun kai mata ƙadangare, sannan mu koma roƙo? Riƙe nan."

Ta sa almakashi ta tsinke bakin hannun rigar, ta kamo bakin zaren ta miƙa mini. Tana warwarewa ina naɗewa. Zaren yana fitowa a lanƙwashe, yana ɗan ƙara kaɗan-kaɗan, hannun rigar yana raguwa a kan cinyarta. Hawaye suna zubo mata, ba ta share ba, kuma hannunta bai tsaya ba. Ni ma kukan nake yi. A ranar na ji nauyin kalmar da na faɗa, domin da bakina na ce na tabbata, ga shi an warware rigar Baba a kanta. Muka ɗora zaren a kan tururin tukunya ya miƙe, muka rataye shi kusa da kasko ya bushe.

Saƙar ta biyu ta fi cin lokaci, don layukan sun ninka har da ɗori. Ranar da muka kai wuyan barewar aka yi ruwa da ƙanƙara, ƙarar kwano ta hana Inna jin muryata, sai da na matso ina faɗa mata a kunne. Yatsunta sun yi sanyi har allura tana kuɓuce mata, ta kara su a kasko ta dawo. Ban yarda na leƙa ƙarƙashin keken ba ko sau ɗaya. Ana gab da kiran Magariba muka ja layin ƙarshe, Inna ta cire saƙar ta juya ta a kan cinyarta.

Barewa ce. Tana tsaye a kan ƙafafunta, wuyanta daidai, ƙahonta daidai, kamar an ɗauko ta daga takardar Madam an ajiye. Ladan ya kira salla, ga faten dankali yana huce mana, babu wanda ya tuna da shi. Inna ta shafa ta da tafin hannu, ta ce, "Ke 'yar nan, ashe karatun naki na gaske ne." A wurin Inna wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma har yau ban samu yabon da ya kai shi daɗi ba.

Da muka haɗa rigar na kai mata, Madam Kaneng ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ɗaga rigar sama ta juya ta, ta kira malamanta su gani, ta ce, "Yawwa! Wannan shi ne barewa na." Kafin in bar ofishin ta sa an tsayar da tasi, aka cika bayanta da ulu kore da ruwan ƙasa. Na roƙe ta abu ɗaya, idan an gama aiki ta bar mana wannan ta gwajin. Da na gaya mata dalili ta dafa kaina, ta ce in tafi da ita tun yanzu.

Goman ƙarshe na azumin nan ba mu san yadda ta wuce ba. Aikin ya fi ƙarfin mutum biyu, sai matan layinmu suka shigo. Wata maƙwabciyarmu mai irin keken Inna ta ɗauko nata ta kafa a ɗakinmu, ita tana yin baya da hannuwa, Inna tana yin ƙirji. Wasu suna haɗawa da allura, wasu suna ɗaure bakin zare. Na fitar da barewa girma uku, ta ƙanana da ta matsakaita da ta manya, kowacce da nata umarnin, aka manna takardun a bango. Kafin Sallah matan nan da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba sun haddace layukan, har suna tsokanata da su. In na shigo sai wata ta ce, "Ga Malama ɗigo-tara-M-uku nan." Ɗakin ya cika da ɗumin mutane da ƙarar keke, kowa ta kawo ɗan abin buɗa bakinta a haɗa a ci tare. A nan na fara ganin ƙosai a gidanmu tun rasuwar Baba.

Baffa Sale ya cika alkawari. Bayan Inna ta fita takaba ya iso da wata akori-kura ta aro, da sassafe, cikin 'yar shararar riga irin ta mutanen ƙasa mai zafi, leɓɓansa har rawa suke. Ya yi sallama ya shigo tsakar gida, sai ya tsaya. Igiya cike da korayen riguna, mata suna ta aiki, buhun masara da na acca a jingine a bakin madafa. Mun kai kashin farko, Madam ta sallame mu, har wata makarantar ta aiko tana tambaya.

Bayan an gaisa ya ce, "To, Hajara, ga mota."

Inna ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Amma ka ga aikin mutane a hannuna, ba na tafiya in bar shi. Wani kuma yana jira a bayansa."

Ya bi igiyar da kallo, ya dubi buhunan. Sai idonsa ya faɗa kan ta gwajin, wadda take rataye ita kaɗai a ƙusa a bakin ƙofa. Ya matsa ya kama ta, ya murza zaren barewar da yatsa. Ruwan ƙasarta ya fi na sauran duhu, ya kuma fi kauri. 

Ya ce, "Wannan ba zaren rigar ƙanena Ado ba ne?"

Inna ta ce, "Shi ne."

Baffa ya juya mana baya yana kallon bango, kafaɗunsa suna motsi. Da ya juyo ya share fuska da hannun riga, ya ce, "To. Ku zauna." Bai ƙara ko kalma a kan maganar ba, a ranar ko bayanta.

Inna ta ga yadda yake karkarwa, ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙadangaren nan mai ƙaho, wanda ta riga ta ƙara masa tsayi ta mayar da shi abin naɗa wuya. Ya karɓa ya duba, ya ce, "Wannan kuma wace dabba ce?" Tsakar gidan ta kwashe da dariya, har da shi. Ya sha kunu, ya naɗa abinsa a wuya, motar ta koma da shi kaɗai.

Yanzu injuna ne suke yin bajo, kafin ka ƙifta ido sun gama, waya ma tana iya mayar da hoto duk yadda kake so. Ni da nake aikin kwamfuta a ofis, har yau in na gaji nakan buɗe baƙin allo in mayar da hoton wani abu haruffa, in ja kujera baya in kalla. Abokan aikina suna ɗauka wasa nake yi, ni kuma ban taɓa yi musu bayani ba.

Jiya da Nana ta taso daga makaranta ta ce rigar akwai ɗumi, ita ta gaje ta. Na ce to, amma sai mun je wurin Inna tukuna. Muka hau keke mai ƙafa uku daga Jos Jarawa zuwa Gangare cikin yayyafi. Inna tana nan a ɗakinta, kasko a gabanta, idonta ya yi rauni, ta daɗe da barin saƙa. Nana ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta kai hannu za ta shafa kanta, sai hannun ya sauka a ƙirjin rigar. Yatsunta suka bi ƙahon, suka bi wuyan, suka tsaya. Ta jawo yarinyar jikinta ta rungume, ta ce a hankali, "Direba, ga jikarka."